Zauren Anti: "Ya shaƙe ni, Umma ta ce in yi haƙuri"

Wasiƙu uku na zaɓo wannan makon, duk daga Abuja da kewayenta, kuma duk maganar duka ce a gidan aure. Kamar kullum na cire sunaye, na sauya abin da zai sa a gane mai wasiƙa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Funtua ce, aure ya kawo ni Dei-Dei shekara shida da suka wuce. Yarana biyu, ga cikin wata huɗu. Maigidana kayan gini yake sayarwa a kasuwa. Bai rage ni da ci ko sutura ba, in ban faɗi wannan ba na zalunce shi. Amma yana da saurin hannu. Da mari ne kawai, in gishiri ya yi yawa a miya ko ya kira waya bai same ni ba. Bara ya fara sa bel. Makon jiya na shiga barka gidan maƙwabciya ban jira ya amsa saƙona ba. Da ya dawo ya kulle ƙofa ya shaƙe ni da hannu biyu har na daina gani. Na farfaɗo na tarar na yi fitsari a jikina, babban ɗana yana tsaye yana kallo. Washegari ya sayo min atamfa da tsire, ya yi kuka ya ce sharrin shaiɗan ne. Har yau muryata ba ta dawo daidai ba. Na kira Umma, ta ce in yi haƙuri, kowace mace da irin nata, aure ibada ne. Baba kuma ya ce kada in kuskura in dawo masa gida da ciki. Ba ni da kowa a Abuja. Ba na so a ɗaure uban 'ya'yana, kuma ina tsoron in na nemi saki zai ƙwace yaran, ya ce in biya shi sadakinsa. Anti, yaya zan yi?

Daga Maman yara, Dei-Dei

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin maganar saki, kafin maganar Umma da Baba, ki je asibiti. Gobe da safe, ba jibi ba. Kina da ciki, ba wanda zai hana ki zuwa awo, ki fake da shi. In kin shiga wurin likita ko ungozoma, kada ki ce zamewa kika yi a banɗaki. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma da banɗaki yana da baki, da tuni ya kai ƙarar matanmu saboda ƙazafin da suke masa. Ki faɗi abin da ya faru da bakinki: ranar kaza mijina ya shaƙe ni har na suma. Ki roƙa a rubuta haka a fayil ɗinki, a duba maƙogwaronki, a duba lafiyar abin da ke cikinki.

Shaƙa ba mari ba ce. Mace tana iya zuwa mana wuyanta sumul, babu ko ƙwarzane, amma ki ji muryar ta dishe, tana haɗiye yawu tana runtse ido, in kin ja fatar idonta ƙasa ki ga ɗige-ɗigen ja ƙanana a ciki. Sumar da kika yi da sakin fitsarin alama ce jini ya daina isa ƙwaƙwalwarki na ɗan lokaci. Jijiyar jini ta wuya da ta ji rauni tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki, mutum yana ganin ya warke. Don haka in numfashi ya fara yi miki wuya, ko kai ya sara miki da ƙarfi, ko kin ga jini, dare ne ko rana ki fita, kada ki jira izinin kowa.

Akwai wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, a kan matan da mazajensu ke duka. An gano cewa wadda aka taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta daga baya ya ninka na sauran kamar sau bakwai. Ba sai na kai ki Amurka ba ma, ki sake karanta wasiƙarki: mari, sai bel, sai wuya. Abin hawa yake yi. Ba na cewa kukansa na ƙarya ne. Na san mazan da ke yin nadama ta gaske duk washegari, su kuma maimaita duk wata. Nadamar da ba ta hana na gaba ba, ba ki da abin yi da ita.

Kin ce ba kya so a ɗaure uban 'ya'yanki. Na fahimce ki. Amma a nan Abuja mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu ta rasu a Afrilun 2022, kuma sai bayan ta mutu 'yan'uwa da abokan aiki suka fito suna ba da labarin azabar da ta daɗe tana ɓoyewa. A Afrilun 2025 Babbar Kotun Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Shirun da aka yi a gidan nan bai tsare uwar ba, bai tsare uban ba. In kina so ki rufa wa maigidanki asiri, ki taka masa birki tun laifinsa yana na duka.

Da a Funtua kike, da an san abin yi. Ki ja mayafi, ki goya ƙarami, ki riƙe hannun babba, ki yi yaji. Ya kwana biyu ba hayaƙi a gidansa, kunya ta ishe shi, ya nemo manyansa su zo biko. A zaunar da shi a zaure gaban Baba da waliyyinki, wani lokaci har da liman ko mai unguwa, a ja masa kunne. Tsarin yana da nasa aibu, don sau da yawa matar ake ba haƙuri a mayar da ita ba tare da an tambaye ta ba. Amma yana da amfani guda: namiji ya san akwai ido a kansa. Wannan shi ne abin da Abuja ta raba ki da shi. Tsakaninki da gida akwai kuɗin motar da ba ki da su. Maƙwabtanki 'yan haya ne, kowa da yarensa, kowa ya fita da asuba ya dawo bayan isha. Maigidanki ya san in ya murza makullin nan ba mai ƙwanƙwasawa. To aikin da ke gabanki shi ne ki samar da masu ƙwanƙwasawa.

Ki fara da maƙwabciyar da kika je wa barka, in kin yarda da bakinta. Ki gaya mata komai, ba "mun ɗan saɓa" ba. Ku yi alama tsakaninku: in ta ga kiranki sau biyu kin katse, ko ta ji bugu uku a bango, ta taso da mijinta. Ki koya wa babban ɗanki cewa in Abba ya fara faɗa, ba shiga tsakani zai yi ba, gidan Anti wance zai ruga. Ki haɗa 'yar jaka ki ajiye a wurinta: kaya kala biyu naki da na yara, katin awo, katin rigakafin yara, takardun haihuwarsu, takardar NIN ɗinki, katin banki in kina da shi, da kuɗin da za su kai ku tasha su kai ku gida. In kina zubin adashi, kwasar da ke tafe a can za ta kwana. Ki ɗauki hoton duk wani tabo da ke jikinki, ki tura wa wadda kika amince da ita tare da kwanan wata, sannan ki goge daga wayarki, har da wannan saƙon da kika turo min. Ki yanka makulli na biyu ki ɓoye. In rigima ta tashi, kada ki gudu kicin inda wuƙa da taɓarya suke, kada ki shige ƙuryar ɗaki, ki matsa kusa da ƙofar fita.

Abu ɗaya kuma da nake so ki riƙe da kyau: ranar da kika yanke shawarar tafiya, kada ki sanar da shi. Kada ki ce "wallahi gobe zan bar maka gidanka" cikin fushi. Lokacin da mai duka ya ji za a kuɓuce masa shi ne lokacin da ya fi haɗari. Ki bari ya tafi kasuwa.

Yanzu ga ƙofofin hukuma. A Abuja akwai dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015. Sashe na 19 ya ce wanda ya doki abokin aurensa zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce N200,000 ba, ko duka biyun. Sashe na 9 ya hana korar abokin aure daga gida da ƙarfi, sashe na 16 ya hana a watsar da mata da yara ba ci ba sha. Tarar dai ta zama abin dariya a tsadar yau, kuɗin buhunan siminti kaɗan ne a wurin maigidanki. Kuma in wani mai ƙaramin sani ya ce miki ai tsohuwar dokar Penal Code, a sashe na 55, ta bar wa miji damar "ladabtar" da matarsa, ki sani VAPP ta ce a irin waɗannan laifuka ita ce a sama. Ko waccan tsohuwar ma ba ta halatta shaƙe mutum har ya suma ba.

Amma abin da ya fi dacewa da ke a dokar ba ɗauri ba ne. Akwai umarnin kariya, a sashe na 28. Babbar Kotun Abuja ce ke bayarwa, kuma yana aiki ko'ina a Najeriya, ko da kin koma Funtua. Kotu za ta iya hana shi dukanki ko yi miki barazana, ta hana shi zuwa inda kike, ta sa ɗan sanda ya raka ki kwashe kayanki, ta sa ya ba da kuɗin gaggawa na ci da magani. Tare da umarnin ana rubuta takardar kama shi a jingine ta. In ya kiyaye, ba mai taɓa shi, yana kasuwarsa. In ya karya, shi ya ɗaure kansa.

Hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki a Abuja ita ce NAPTIP. Mutane sun fi saninta da yaƙi da safarar mutane, shi ya sa matanmu ba sa tunanin zuwa. Hedikwatarta tana Wuse Zone 5, gajeriyar lambarta ita ce 627, kuma tana da gidan da take ajiye waɗanda ba su da wurin kwana, wanda ba a bayyana inda yake. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. In lauya kike buƙata ba ki da kuɗi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Legal Aid Council ta gwamnati, akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, kuma 'yan WRAPA sun saba da shari'ar matan Musulmi a kotunan alƙalai. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana Maitama, ita ma tana karɓar koke kyauta.

Ba zan yi miki romon baka ba. Waya tana iya yin ta ƙara ba a ɗauka ba. Gadajen mafaka ba su da yawa. A ofishin 'yan sanda wani zai iya kallonki ya ce maganar gida ce, ku je ku sasanta. In haka ta faru ki nemi jami'ar da ke kula da ƙarar mata da yara, in babu ki nemi DPO, in an ƙi ki tashi ki tafi NAPTIP. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da maƙwabciyar nan ko wata malamar Islamiyyarku mai baki. Yadda ake sauraron mace da 'yar rakiya da takardar likita a hannu daban yake da yadda ake sauraron wadda ta zo ita kaɗai tana kuka.

Sai tsoronki biyu, sadaki da yara. Mata da yawa sun ɗauka hanyar fita ɗaya ce, wato khul'i, a mayar wa miji abin da ya bayar. Ba haka ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, in mace ta tabbatar da cutarwa alƙali yana da ikon raba auren ba ta biya ko sisi ba. Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ma ce ba sai an shaida cewa cutarwar ta maimaitu ba. Wadda kuma aka matsa wa da duka har ta fanshi kanta, in ta kawo shaida daga baya ana mayar mata da kuɗinta. Akwai kotun yanki a nan Dei-Dei, akwai a Kubwa. Takardar asibitin nan da na dame ki da ita, a nan za ta yi miki rana. Maganar yara kuma, reno haƙƙin uwa ne a Malikiyya: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, matuƙar uwar ba ta auri wani bare ba, in ta yi ma reno yakan koma wurin kakarsu ta wajen uwa. Ci da sha da sutura da makaranta suna kan uba. "Ki ajiye min 'ya'yana ki fita" al'ada ce da ƙarfin hali, ba shari'a ba.

Ban ce ki kashe aurenki ba, ban kuma ce ki zauna ba. Ke ce mai ɗaki. Abin da nake cewa shi ne, komawa ko rashin komawa a yanke shi kina wurin da hannunsa ba ya kai wa wuyanki.

Umma kuwa, kada ki riƙe ta a zuci. Abin da aka gaya mata ta gaya miki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun sha duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko cin mutunci daga mazajensu, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba. Waɗanda suka nema, yawanci gida suka nufa. Wato abin da iyaye suka faɗa a waya shi ne hukuncin da yawancin mata ke samu, shi ya sa nake so a gyara wannan wayar. Ina zargin abin da ya isa kunnen Baba shi ne "sun yi faɗa". Ki nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, kawu ko goggo ko babban yayanki, ki tura masa hoton da takardar likita, ki ce: shaƙe ni ya yi har na suma, da ciki, a gaban jikanku. Aure ibada ne, gaskiyar Umma. A cikin ibadar ne Allah Ya ce a zauna da mata da alheri, a Suratun Nisa'i aya ta 19, Ya kuma ce a Baƙara aya ta 231 kada a riƙe su don a cutar da su. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. In za a yi sulhu, a yi irin wanda aya ta 35 ta Nisa'i ta tsara: mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki, a zauna a ji ta bakin kowa. Ba atamfa da tsire ba.

Ki sake rubuto min bayan kin dawo daga asibiti, ta wayar maƙwabciyar.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni tela ne a Mararaba, gidan haya muke, ɗaki yana jikin ɗaki. Maƙwabcina direba ne, duk ranar da ya dawo daga tafiya sai mun ji kukan matarsa, wani lokaci har ƙarar buga ta da bango. Da safe ta fito da niƙabi, ita da ba ta saba sawa ba. Iyalina ta ce in yi magana, ni kuma ina ganin tsakanin miji da mata sai Allah. Na taɓa raba wasu, washegari suka shirya suka bar ni da gaba. Shin in na yi shiru ina da laifi?

Daga Tela, Mararaba

AMSA

Malam, iyalinka ta fi ka gaskiya. Karin maganar nan an yi ta ne don cacar baki da fushin kwana ɗaya, ba don kan mutum da ake haɗawa da bango ba. Gabar da kake gudu kuwa, ka auna ta da ranar da za a zo ɗaukar gawa a tambaye ku, ku maƙwabta ba ku ji komai ba?

Ba cewa na yi ka ɓalle ƙofa ka kama shi da kokawa ba. In an fara, ka tashi mutum ɗaya ko biyu cikin mazan gidan, ku je ku yi sallama da ƙarfi, ku ƙwanƙwasa, ku kira sunansa. Ko ashana ce ka ce ka zo aro. Yawancin masu dukan nan jarumtarsu ta bayan ƙofa ce, da sun ji muryar maza a waje hannu yake sanyi. In ka ji abin ya wuce haka, ko kukan ya yanke ɗif, ka kira 112 ko 'yan sanda, kada ka tsaya neman shawara. Daga baya, da rana, a samu wanda yake jin kunya, limamin masallacinku ko shugaban tasharsu ko mai gidan hayar, ya zaunar da shi. Amma a fara jin ta bakin matar, don wani lokaci faɗan da aka yi wa miji a waje a jikinta yake hucewa.

Wannan ɓangaren aikin iyalinka ne. Ta same ta in ya yi tafiya, ba da "me ya sa kike zaune da shi" ba, don wannan tambayar rufe baki take yi. Ta ce mata kawai: muna ji, ba laifinki ba ne, ƙofarmu a buɗe take ko ƙarfe nawa ne. In ta musa, a ƙyale ta, a sake faɗa wani makon. In ta koma masa bayan kun taimaka, kada ku yi zuciya. Mata da yawa sai sun fita sun dawo, sun fita sun dawo, kafin su fita gaba ɗaya.

Ka kuma san inda kake tsaye. Mararaba jihar Nasarawa ce, ko da rabin mutanenta a Abuja suke wuni. Dokar tarayya da na yi bayani a sama ta Abuja ce, iyakarta Nyanya. Nasarawa tana da tata dokar mai irin wannan suna, don haka ƙara tana zuwa ga 'yan sanda da kotunan jihar ne. Haka mutanen Suleja da Madalla, su na Neja ne. Mata da yawa suna ƙona kuɗin mota zuwa cikin gari a ce musu su koma inda abin ya faru. FIDA tana da rassa a jihohi, za su nuna mata hanya.

Kunnenka ma shaida ne. A Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu ke yawan komawa gare shi, cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta. Ka samu gefen littafin da kake rubuta awon kaya, duk daren da ka ji, ka rubuta kwanan wata da lokaci. Ranar da ta tsaya gaban alƙali ya ce ina shaidunki, kada ka ce kana da ɗinkin sallah.

TAMBAYA

Anti ki rufa min asiri. Ni namiji ne, ma'aikaci, a Kubwa. Tun da matata ta haihu wata biyar da suka wuce ta canza. Ta jefe ni da kofi, ta yage min riga, shekaranjiya ta watsa min ruwan zafi a hannu, ta ce wata rana sai ta soka min wuƙa ina barci. Abokina ya ce in zane ta sau ɗaya za ta dawo hayyacinta. In na kai ƙara dariya za a yi min.

Daga Wani bawan Allah, Kubwa

AMSA

Ɗana, ba abin dariya a ƙuna. Dokar VAPP "mutum" ta ce, ba ta ce mace ba, kuma umarnin kariyar da na yi bayani kai ma kana da haƙƙinsa. Mutanen Abuja ba su manta da Bilyaminu Bello ba, wanda ya mutu da sukan wuƙa a Nuwamban 2017, kotu kuma ta yanke wa matarsa Maryam Sanda hukuncin kisa a Janairun 2020. Wanda aka ce za a soka yana barci ba ya tsayawa lissafin wa zai yi dariya.

Shawarar abokinka ka watsar da ita. Ko matan da ke rubuto min suna kafa hujja da maganar Sarki Muhammadu Sanusi II, da ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama, abin da nake ce musu ke nan: na gane nufin Sarki, so yake maza su ji kunya, amma a ɗakin da aka kulle ramuwa ƙara wa wuta fetur ce. Kai da ka fi ta ƙarfi, duka ɗaya zai iya mayar da kai wanda ake tuhuma.

Abin da ya tsaya min a wasiƙarka shi ne "tun da ta haihu". In da ba haka take ba, akwai yiwuwar rashin lafiya ce. Wasu mata bayan haihuwa suna shiga matsananciyar damuwa, wasu ƙalilan har hankali yakan gushe, kuma ana warkewa da magani. Tana barci kuwa? Tana cin abinci? Tana kula jaririn, ko tana maganganun da ba su da kan gado? Wannan ba ya wanke abin da ta yi maka, amma yana canza inda za a fara. Yau ɗin nan ka kwashe wuƙaƙe daga inda hannu ke kaiwa, ka kira mahaifiyarta ko yayarta ta zo ta zauna da ku, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kai kuma ka kwana a wani ɗaki da makulli. Ka kai hannunka a duba a rubuta, sannan ku kai ta wurin likita, ka gaya masa duk abin da ka gaya min, har da maganar wuƙar. In likita ya ce lafiyarta lau, to sai a kira waliyyinta a zauna, takardar asibitinka tana aljihunka.